Maganin Tsufa a Cikin Kwalba: Abin da Aka Gani a Ɓera da Abin da Ake Sayar wa Mutum

Kafin ƙarfe biyar na asuba Bryan Johnson ya riga ya tashi a gidansa da ke Los Angeles. A farkon shekarar 2023, lokacin da labarinsa ya game duniya, wannan attajiri ɗan Amurka yana haɗiye ƙwayoyi sama da 100 a kowace rana, yana cin abincinsa na ƙarshe da ƙarfe 11 na safe, ya kwanta barci da ƙarfe takwas da rabi na dare. Likitoci da masana kusan 30 ne suke bin lafiyarsa, suna auna jininsa da zuciyarsa da huhunsa da fatarsa. Kuɗin wannan hidima ya kai kimanin dala miliyan 2 a shekara, kuma yana da halin biya, domin a 2013 aka sayi kamfaninsa na hada-hadar kuɗi, Braintree, a kan dala miliyan 800.

Burinsa a fili yake: ya rage wa tsufa gudu a jikinsa. Har ruwan jinin ɗansa mai shekara 17 ya taɓa sa aka ɗura masa, daga baya ya daina, ya ce bai ga amfanin da ya samu ba. A ƙarshen 2024 kuma ya sanar da cewa ya ajiye rapamycin, maganin da ya shafe kusan shekara biyar yana sha, wanda masana da yawa suke yi wa kallon zakaran magungunan tsawon rai. Dalilan da ya bayar su ne ƙurajen fata masu yawan dawowa, hawan suga da kitse a jini, da ƙaruwar bugun zuciya ko yana hutawa.

Mutumin da yake da likita 30 yana iya gane cewa magani yana cutar da shi, ya tsaya. Miliyoyin da suke koyi da shi daga bidiyon waya ba su da mai auna musu komai. Su ne wannan kasuwa ta dogara da su, kuma Johnson da kansa yana da kamfani, Blueprint, da yake sayar musu da gari da ƙwayoyi.

Neman maganin tsufa ya daɗe yana cin masu nemansa. Sarkin da ya fara haɗa kan ƙasar Sin, Qin Shi Huang, ya mutu a shekara ta 210 kafin haihuwar Annabi Isa yana ɗan shekara 49, kuma masana tarihi da dama suna zargin haɗin zaiba da ake ba shi don ya dawwama. A 1889 wani babban likita a birnin Paris, Brown-Séquard, ya yi wa kansa allurar ruwan marainan kare yana da shekara 72, ya ce ƙarfinsa ya dawo. A 1932 wani attajirin Amurka, Eben Byers, ya rasu bayan ya sha kusan kwalba 1,400 na wani ruwan ƙara kuzari mai ɗauke da sinadarin radiyom, wanda ya cinye masa muƙamuƙi. Bambancin zamaninmu da nasu shi ne yanzu akwai ilimi na gaske a bayan maganar, kuma wannan ilimin ne yake sa rarrabe tsaki da tsakuwa ya yi wuya.

A 1935 Clive McCay na jami'ar Cornell ya nuna cewa ɓerayen da aka rage wa abinci, ba tare da an hana su sinadaran da jiki ke buƙata ba, sun fi waɗanda suke ci su ƙoshi daɗewa a duniya. A 1993 Cynthia Kenyon, a jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco, ta sauya ƙwayar gado guda ɗaya tak a jikin wata 'yar mitsitsiyar tsutsa, sai tsawon ran tsutsar ya ninka. Daga nan masana suka yarda cewa tsufa ba lalacewa ba ce kawai irin ta tsohuwar mota. Akwai makunnai a jiki da suke sa shi sauri ko jinkiri. Tambayar da ta biyo baya ita ce ko akwai ƙwayar da za ta taɓa waɗannan makunnai ba tare da mutum ya zauna da yunwa ba.

Fatar inabi da dala miliyan 720

Amsar farko da ta girgiza duniya ta fito daga ɗakin binciken David Sinclair na jami'ar Harvard. A 2003 ya ba da rahoton cewa resveratrol, wani sinadari da ake samu a fatar jan inabi da gyaɗa, yana tsawaita ran ƙwayoyin yis. A 2006 mujallar Nature ta buga wani aikin nasa: ɓerayen da aka cika wa ciki da abinci mai maiƙo, aka haɗa musu da resveratrol, sun fi 'yan uwansu lafiya da daɗewa. Jaridu suka ɗauka, shaguna suka cika da kwalabe masu hoton inabi. Kaɗan ne daga masu saye suka san cewa adadin da aka ba ɓerayen, in an kwatanta da jikin mutum, sai an sha ɗaruruwan kofunan giyar inabi a rana kafin a same shi.

A 2008 babban kamfanin magunguna na Birtaniya, GlaxoSmithKline, ya sayi Sirtris, ƙaramin kamfanin da Sinclair yake cikin waɗanda suka kafa shi, a kan dala miliyan 720. Ba a jima ba masana a kamfanonin Amgen da Pfizer suka ce sun maimaita gwajin asali, sun gano cewa wani rini mai ƙyalli da aka yi amfani da shi wajen awo ne ya haifar da sakamakon. Sinclair ya kare aikinsa da sabon bincike a 2013, muhawarar kuma ta ci gaba a tsakanin masana. Amma a ɓangaren mutane labarin bai yi daɗi ba. A 2010 GlaxoSmithKline ya dakatar da gwajin haɗinsa na resveratrol a kan masu wani nau'in ciwon dajin ɓargo bayan wasunsu sun samu matsalar ƙoda, a 2013 kuma ya rufe ofishin Sirtris.

Shekara guda bayan haka, Richard Semba na jami'ar Johns Hopkins da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon bin diddigin tsofaffi 783 a yankin Chianti na ƙasar Italiya, inda noman inabi ya zama gado. Shekara tara ana bin su. Waɗanda aka samu alamar resveratrol da yawa a fitsarinsu ba su fi sauran tsawon rai ba, ba su kuma fi su tsira daga ciwon zuciya ko daji ba. Duk da haka, har gobe ana sayar da shi da sunan maganin tsufa.

Da a ce iyakar asarar kuɗi ce, da da sauƙi. Labarin sinadaran da ake kira masu hana tsatsa ya nuna abin ya wuce nan. A 1956 wani masani, Denham Harman, ya kawo ra'ayin cewa yadda jiki yake amfani da iskar shaƙa yana barin wasu ɓurɓushi masu cin ƙwayoyin halitta a hankali, kamar yadda tsatsa take cin kwanon rufi. Tunda masu yawan cin ganye da 'ya'yan itace sun fi lafiya, kuma waɗannan abinci cike suke da bitamin E da bitamin C da beta-karotin, wato sinadarin da yake ba karas da manja launinsu, sai aka ɗauka cewa zuba su a kafso zai yi irin wannan aikin, ko ma fiye.

Aka gwada a ƙasar Finlan, a kan maza 29,133 masu shan taba. Wasu aka ba su beta-karotin, wasu aka ba su ƙwayar da babu magani a cikinta, ba tare da kowa ya san wadda yake sha ba. Da sakamako ya fito a 1994, masu binciken da kansu sun kaɗu: ciwon dajin huhu ya ƙaru da kashi 18 cikin ɗari a rukunin da ya sha sinadarin. Wani gwajin a Amurka, mai mutum 18,314, an tsayar da shi a Janairun 1996 tun wa'adinsa bai cika ba, saboda dajin huhu ya ƙaru da kashi 28, mace-mace kuma da kashi 17. A 2011 wani babban gwaji mai maza 35,533 ya nuna cewa shan bitamin E kullum ya ƙara haɗarin dajin firostet, ƙululun nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, da kashi 17 cikin ɗari. Mutanen da suka shiga waɗannan gwaje-gwaje da fatan samun kariya, wasunsu da rayukansu suka biya kuɗin wannan sani, kuma abin takaici ne a ce har yanzu ana tallar irin waɗannan ƙwayoyi kamar ba a taɓa yin gwajin ba.

Haɗaɗɗen bitamin na kullum, wanda ya fi kowanne farin jini, bai nuna illa irin wannan ba, amma bai ƙara wa kowa kwana ba. A 2024 Cibiyar Binciken Daji ta Amurka ta fitar da nazari a kan manya masu lafiya 390,124 da aka bi fiye da shekara 20, ba a ga raguwar mace-mace a masu shansa ba. Gwajin da JoAnn Manson ta jagoranta a Boston, mai mutum 25,871, ya nuna a 2018 cewa bitamin D da man kifi ba su rage yawan kamuwa da daji ko manyan cututtukan zuciya a jimlace ba. Akwai ɗan haske a gefe guda: wani gwajin na rukunin masanan ya ga ƙaramin ci gaba wajen riƙe tunani a tsofaffin da suka sha haɗaɗɗen bitamin. Ƙarami ne, amma na gaske ne, ya kuma cancanci a bi shi.

Sababbin taurari

Da kasuwar resveratrol ta lafa, sai NMN ya karɓi tuta. Hujjar masu sayar da shi ita ce yana ƙara wani sinadari mai suna NAD, wanda kowace ƙwayar halitta take buƙata wajen mayar da abinci ƙarfi. A jikin ɓera an ga abubuwan ban sha'awa. A jikin mutum, ɗaya daga gwaje-gwajen da aka fi ambato shi ne na jami'ar Washington da ke St. Louis a 2021: mata 25 ne kacal, na tsawon mako 10, aka ga tsokarsu ta ɗan ƙara karɓar insulin, amma nauyinsu da hawan jininsu da sugan jininsu ba su sauya ba. Mata 25 a mako 10 ba za su iya gaya wa kowa ko zai kai shekara 90 ba.

Taurin, sinadarin da ake zubawa a lemukan ƙara kuzari, ya yi tashe a 2023 bayan mujallar Science ta buga cewa ya tsawaita ran ɓeraye da kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari, kuma yana raguwa a jini in an tsufa. Bayan shekara biyu, a wannan mujallar dai, masana daga Cibiyar Nazarin Tsufa ta Amurka suka auna mutane da birai da ɓeraye na tsawon lokaci, suka tarar a mafi yawansu taurin ba ya raguwa da shekaru, wani lokaci ma ƙaruwa yake yi.

Wannan cibiya tana da wani tsari da ya kamata duk mai sha'awar batun ya san da shi. Tun farkon shekarun 2000 take gwada wasu sinadaran da aka ce suna tsawaita rai a ɗakunan bincike uku lokaci guda, a jihohin Maine da Michigan da Texas, a kan ɓeraye masu jini gauraye, don kada sa'ar ɗaki ɗaya ta ruɗi duniya. Resveratrol ya faɗi a wannan jarrabawa. Ruwan koren shayi da aka tace, da sinadarin kurkur, da man kifi, da NR wanda ɗan uwan NMN ne, duk ba su tsawaita ran ɓerayen ba.

Wanda ya ci jarrabawar da kyau shi ne rapamycin, kuma shi ba ƙarin abinci ba ne, magani ne mai ƙarfi da sai da takardar likita. An samo shi daga wata ƙwayar halitta da ke cikin ƙasar tsibirin Rapa Nui na tekun Fasifik, wadda wata tawagar masana daga Kanada ta ɗebo a 1964. A 1999 Amurka ta amince a riƙa ba waɗanda aka yi wa dashen ƙoda, domin yana danne garkuwar jiki kada ta ƙi baƙuwar ƙodar. A 2009 aka gano cewa ɓerayen da aka fara ba su shi suna da kwana 600, wato kamar mutum ɗan shekara 60, sun ƙara daɗewa da kashi 14 cikin ɗari a mata, kashi 9 a maza. Wannan sakamako an maimaita shi sau da yawa, ya tsaya da ƙafarsa. Sai dai ɓeran ɗakin bincike yana zaune ne a keji mai tsabta, ba sauro, ba tarin fuka, ba gurɓataccen ruwa. Danne garkuwar mai lafiya na shekara da shekaru wani al'amari ne daban, kuma shi ne abin da Bryan Johnson ya ɗanɗana.

Me ya sa kwalba take isa shago ba tare da hujja ba

Amsar tana cikin wata doka da Shugaba Bill Clinton ya sa wa hannu a Oktoban 1994, wadda sanatoci Orrin Hatch da Tom Harkin suka ɗauki nauyinta. Dokar ta sanya bitamin da ganyayyaki da makamantansu a sahun abinci. Kamfanin da zai fitar da sabon maganin hawan jini sai ya shafe shekaru yana gwaji a kan dubban mutane kafin hukumar abinci da magunguna ta ƙasar, FDA, ta ba shi izini. Mai sayar da ƙarin abinci ba a neman ya tabbatar da cewa kayansa suna aiki kafin ya kai su kasuwa. An hana shi cewa yana warkar da cuta, amma an bar shi ya ce yana tallafa wa zuciya ko yana ƙarfafa ƙwayoyin halitta, muddin ya rubuta da ƙananan haruffa cewa hukuma ba ta tantance maganar ba. Lokacin da aka yi dokar, irin waɗannan kaya kusan 4,000 ne a Amurka. Yanzu sun haura 80,000.

Ko abin da aka rubuta a jikin kwalba ba kullum yake cikinta ba. A 2021 kamfanin ChromaDex, wanda yake sayar da NR, don haka abokin hamayya ne a wannan kasuwa, ya auna nau'i 22 na NMN da suka fi samun ciniki a Amazon, ya ce 14 daga ciki ba su ƙunshi ko kashi ɗaya cikin ɗari na abin da suka yi iƙirari ba. Wani nazari da aka buga a 2015 ya ƙiyasta cewa kimanin mutum 23,000 ne ake kaiwa sashen gaggawa a asibitocin Amurka kowace shekara saboda irin waɗannan kaya. Likitocin hanta na ƙasar kuma sun ba da rahoto a 2017 cewa kusan kashi 20 cikin ɗari na raunin hantar da magani ya jawo, daga ganyayyaki da ƙarin abinci ya samo asali. Koren shayi a kofi ba ya cutarwa, haka kurkur a miya. Matsalar tana tasowa ne in an tace sinadarinsu an dunƙule shi a kafso, musamman in an haɗa kurkur da sinadarin masoro don jiki ya tsotse shi da yawa.

Waɗannan kwalabe ba a Amurka suka tsaya ba. Suna isowa Kano da Kaduna da Abuja da Yamai a jakar matafiya da ta hanyar kamfanonin da ake shiga a kawo wasu su shiga, ana tallarsu a WhatsApp da TikTok: kolajin don fata ta koma ta budurwa, gulutatayon don haske, garin wanke jiki, ƙwayar sabunta ƙwayoyin halitta. Mai saye yakan duba lambar hukumar NAFDAC ya samu natsuwa. Ya kamata a san cewa lambar da take ƙarewa da harafin L, wadda ake ba haɗe-haɗen ganye, tana nufin an duba cewa kayan ba su nuna guba ba a gwajin farko. Ba ta nufin an tabbatar suna yin aikin da aka ce. Shi ya sa ake wajabta rubutawa a jikinsu cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba.

Abin da ya fi ciwo shi ne dattijon da ya kwashe kuɗin fanshonsa ya sayi kwalbar da aka shigo da ita da dala, ya ajiye maganin hawan jinin da likita ya rubuta masa don an ce masa na asibiti yana lalata ƙoda. Kuɗin kwalba ɗaya ta NMN ya isa ya sayi maganin hawan jini na watanni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 mutum biliyan 1.3 ne suke da hawan jini, kusan rabinsu ba su ma sani ba, huɗu cikin biyar kuma ba sa samun kulawar da ta dace. Shanyewar ɓarin jiki da ciwon ƙodar da wannan yake jawowa suna tsofar da magidanci a dare ɗaya.

A ɗaya gefen kuma kayan gida ne suke fita su dawo da sabon suna. Tun 2008 Tarayyar Turai ta amince a sayar da garin 'ya'yan kuka, yanzu ana zuba shi a 'yan leda masu tsada a shagunan Landan, zogale kuma ana cusa shi a kafso. Babu gwajin da ya nuna ɗayansu yana ƙara shekaru, amma abinci ne masu gina jiki, kuma kwaɗon zogale da ƙuliƙuli ya fi kafson araha. Zoɓo ma yana da 'yar shaida: a jami'ar Tufts, a 2010, manya 65 suka shiga gwaji na mako shida, waɗanda suka sha kofi uku a rana lambar sama ta awon jininsu ta sauka da kimanin maki 7. Ba da sukarin da ake zuba wa zoɓon sayarwa aka yi gwajin ba, kuma bai isa ya maye gurbin magani ba.

Ba a ce duk ƙwayar bitamin banza ce ba. Inda jiki ya rasa abu, mayar masa da shi magani ne na gaskiya. Tsoho yakan kasa tsotsar bitamin B12 daga abinci, haka wanda ya daɗe yana shan metformin don ciwon suga, kuma rashinsa yana kawo ƙarancin jini da dindiris a ƙafa da mantuwa, har a ɗauka ruɗewar tsufa ce. Mai ciki tana buƙatar folik asid da sinadarin ƙarfe. Wanda awo ya nuna ƙashinsa ya yi laushi yana iya buƙatar bitamin D da kalsiyom. Duk waɗannan da awon jini da shawarar likita ake gane su, kuma likitan yana buƙatar a gaya masa duk abin da ake sha, domin wasu ganyayyakin suna karo da magungunan tsinka jini.

Lambobin da suka fi kowace kwalba girma kuwa daga wani wuri suka fito. A 2018 masana a Harvard suka nazarci bayanan ma'aikatan lafiya fiye da 120,000 da aka bi kusan shekara 30. Wanda ya kai shekara 50 ba ya shan taba, yana motsa jiki rabin awa a rana, yana cin abinci mai kyau, nauyinsa daidai, kuma bai zurfafa a barasa ba, an ƙiyasta zai fi wanda ba shi da ko ɗaya daga waɗannan halaye da shekara 14 in mace ce, 12 in namiji ne. Johnson ma, da aka tambaye shi abin da ya fi muhimmanci a tsarinsa, barci yake sawa a gaba.

Masu binciken tsufa na gaskiya ba su karaya ba, kuma suna da dalili. Nir Barzilai na kwalejin likitanci ta Albert Einstein da ke New York ya tsara gwajin metformin a kan tsofaffi 3,000 masu shekara 65 zuwa 79 waɗanda ba su da ciwon suga, a bi su shekara shida a ga ko zai jinkirta ciwon zuciya da daji da ruɗewa gaba ɗaya. Tun 2015 ya zauna da jami'an FDA a kan tsarin. Shekaru suka yi ta wucewa gwajin yana jiran kuɗi, domin metformin tsohon magani ne, an fara ba masu ciwon suga shi a Faransa tun 1957, kowane kamfani yana iya yin sa, don haka ba mai ganin ribar da za ta sa ya zuba dala miliyoyi.

Karnuka ne suka riga mutane samun nasu. A ƙarshen 2024 gwamnatin Amurka ta ba da dala miliyan 7 don faɗaɗa gwajin rapamycin a kan karnukan gida 580 masu shekara bakwai zuwa sama, ƙarƙashin jagorancin likitocin dabbobi na jami'ar Texas A&M da jami'ar Washington da ke Seattle. An zaɓi kare ne saboda a gidan mutum yake kwana, iskar da mutum yake shaƙa yake shaƙa, kuma yana tsufa da saurin da za a iya ganin sakamako cikin 'yan shekaru. Kowane kare zai sha ƙwayar sau ɗaya a mako na shekara guda, rabinsu ta gaske, rabinsu wadda babu komai a ciki, sannan a ƙara bin su shekara biyu ana duba zuciyarsu da tafiyarsu da ƙwaƙwalwarsu.